Tsifar Ranar Alhamis

A gidanmu na Ƙofar Ran gashi iri biyu ne, akwai na Inna, akwai kuma na sauran jama'a. Na Inna shi ne wanda idan aka tsefe shi yake sauka har tsakiyar baya, baƙi wuluk, mai santsi, wanda ta taho da shi daga rugarsu ta hanyar Ningi lokacin da aka kawo ta birni. Na sauran jama'a kuwa shi ne irin nawa, wanda na gada wurin Baba ba tare da na roƙa ba. Gajere ne, mai tauri, duk man da aka shafa masa sai ya shanye ya yi kamar ba a yi ba. Inna takan dube ni ta girgiza kai, ta ce duk cikin abubuwan da ubana yake da su, haƙuri da fara'a da iya ɗinki, ban tashi ɗaukar komai ba sai gashin Kaɗo. Ni kuma in ce a raina ai ba ni na zaɓo mata mijin ba.

Inna ba ta da tsanani a kan abinci ko sutura, amma a kan gashi malama ce guda. Ba a taje busasshen kai a gabanta. Sai an yayyafa ruwa, an murza mai a tafin hannu, an raba gashin kashi-kashi, sannan a fara tazar daga ƙarshensa a hauro zuwa tushe a hankali. Idan ta ga na kafa mataji a tsakar ka ina ja, sai ta tambaye ni gonar wa nake nomewa. Kitso ba ya wuce mako biyu a kanta, kuma ba ta yarda mai kitso ta ja mata gaban goshi. Takan ce kitson da zai hana mace dariya ya hana ta sujada ba ado ba ne, shi ne yake cinye gashin gaba har a wayi gari goshi ya ci rabin kai. Idan za a wanke, sabulun salo kaɗan ne, sai ruwan karkashi da aka jiƙa tun safe har ya yi yauƙi, shi yake sa gashin ya yi laushi ya daina kama juna.

Babbar dokarta kuwa, wadda ko a mafarki aka tashe ni zan faɗe ta, ita ce ba a ɗaura ɗankwali a kan jiƙaƙƙen kai. Daga nan amosani yake farawa, in ji ta, daga nan wari yake farawa. Na sha ganinta zaune a gindin darbejiyar tsakar gida da gashi a baje tana jiran ya bushe, baƙi suna ta sallama a zaure, ita kuwa ko a jikinta.

Sai maganar man shanu. Sabo take so, wanda ba a soya ba, 'yan'uwanta suke kawo mata daga ruga a cikin ƙwarya an rufe da faifai. Duk 'ya'yanta mata mun sha shi a ka. A makaranta idan rana ta yi zafi ya fara narkewa, sai ki ji wata daga bayan aji ta tambaya wa ya shigo da tuwo. Na yi faɗa a kan wannan tuwon har ba adadi, don ni ba a taɓa ni in yi shiru. Da na girma na fara sayo mayukan kanti masu hoton mace da gashi har ƙugu, Inna ta karɓi kwalbar ta duba hoton da kyau, ta miƙo mini, ta ce ita wannan baiwar Allah da gashinta aka haife ta, kada in ɗora wa kwalba abin da ba za ta iya ba.

Baba tela ne a Wunti, dogo, mai natsuwa, irin mutanen da idan suka iso majalisa ake gyara musu wurin zama. Amma duk bayan mako biyu, ranar Alhamis da la'asar, sai ciwon baya ya kama shi. Ya rufe shago da wuri, ya dawo gida, ya shige ɗakin Inna, a sauke labule. Mu kuma an riga an gaya mana duk wanda ya yi sallama a ce masa Malam yana hutawa. Na daɗe ina tausayin bayan nan nasa da yake da ƙa'ida haka, har ranar da na faɗa ɗakin ba sallama ina neman takalmina.

Inna tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafa. Baba yana bayanta a kan kujera 'yar tsugunno, ya cire hula ya kife ta a gwiwa, tabarau a kan karan hanci, ƙayar beguwa a hannunsa, yana tsefe mata kitso ɗaya bayan ɗaya yadda na sha ganinsa yana farke ɗinkin da yaran shago suka ɓata. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Kin ga wani abu?"

Na ce ban ga komai ba.

"Madalla. Ja mana labulen."

Ba sai an yi mini bayani ba. A cikin birni, magidanci kamar Baba, idan labari ya fita cewa shi yake yi wa matarsa tsifa, to har ya bar duniya sunansa mijin-ta-ce. Shi ya sa idan ya gama yake wanke hannu da sabulu sau biyu, ya bi da turare, sannan ya tafi masallaci. Sai dai man shanu ba ya jin turare. Abokansa na sahun gaba sun daɗe da yarda cewa ranar Alhamis ana cin daɗi a gidanmu tun kafin magariba, har wani yakan ce wata rana zai biyo shi ya ɗanɗana. Baba ya yi murmushi ya ce bismillah, ƙofa a buɗe take. Ƙayar beguwar kuwa a aljihun gaba take zama tare da biro, doguwa, mai ratsin fari da baƙi, kowa ya ɗauka ta fitar da kusurwar aljihu ce idan ya ɗinka.

Akwai tambayar da Inna take yi masa duk lokacin da ya kai ƙeya, mun haddace ta daga bayan labule. Takan ce, "Malam, akwai furfura a ƙeyar?" Shi kuma ya ɗan yi shiru kamar mai dubawa da gaske, sannan ya ce babu ko ɗaya. 'Yan ƙwayoyin da suka fito mata a gaba tana ganinsu a madubi, har ta raba mana su, wannan ta wance ce, waɗannan ukun da suka haɗu wuri ɗaya kuwa nawa ne. Amma ƙeya, da ba ta gani, da ita take taƙama. Mun taɓa tambayar mai kitsonta gaskiyar magana, ta ce ita kitso aka kira ta yi, ba ta duba launi.

Wadda Inna ta fi yi wa wannan taƙamar ita ce Gwaggo, yayar Baba, da take zaune a Ƙofar Dumi. Gwaggo ba ta hawa napep, da ƙafa take zuwa, goro a kunci, baki kuma kamar reza. Ba ta aiko da sanarwa, sai dai kawai a ji sallamarta. Tun daga zaure take fara jan hanci tana tambaya ko baƙi aka yi daga ruga. Inna ta shimfiɗa mata tabarma da ladabi ta ce, "A'a Yaya, gashi ne, ba ku saba gani ba ne." Gwaggo, da nata gashin bai taɓa wuce tsawon ɗan yatsa ba, ta ce su mutanen birni kai suka sa a gaba, ba abin da ke samansa ba. Haka suka shafe shekaru, babu abin da ɗaya za ta faɗa ɗayar ta ce haka ne, ko da a kan gishirin miya ne.

Baba ya rasu ranar Laraba, ana gobe tsifa. Ya dawo daga shago ya ce ƙirjinsa, aka garzaya da shi asibiti, kafin mu gane abin da ake ciki har an gama. A lokacin na yi aure, ina zaune a bayan Wunti da yara biyu, amma ranar na ji ni marainiya ƙarama. Ban taɓa sanin gida yana iya yin shiru alhali cike yake da mutane ba. Da aka zo tattara tufafinsa don a raba, na lalube aljihunan rigunansa ina neman ƙayar nan, ban same ta ba, na ɗauka ta faɗi a asibiti.

Inna ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Gwaggo ta tare a gidan na 'yan kwanakin farko, ta zauna ta karanta mata dokoki yadda ta gada a wurin tsofaffi. Ba turare, ba lalle, ba kwalli, waɗannan kowa ya sani. Sannan ta ƙara da cewa mai takaba ba ta duban madubi, ba ta kitso, ba ta tsifa, mataji ma ba ya hawa kanta sai ranar fita. Nan na ce ban yarda ba. Na je takanas na tambayi malaminmu na islamiyya, ya ce ado da ƙamshi aka hana, amma tsefe kai da wanke shi da taje shi tsafta ce, babu laifi a ciki, sauran duk al'ada ce. Na dawo da ƙarfina na zazzage musu, ina jiran Inna ta kama mini mu kayar da Gwaggo kamar yadda muka saba.

Sai Inna ta ce, "A bar shi yadda Yaya ta ce."

Gwaggo da kanta sai da ta juyo ta dube ta. Ruwa ba ya tsami banza, amma ni a lokacin baƙin ciki ya toshe mini kai, ban yi tunanin komai ba, haushi kawai na ji an kunyata ni.

Haka aka bar shukun da yake kanta tun kafin rasuwar. Tana zuba masa ruwa idan za ta yi wanka, ta fito ta ɗaure. Wata rana na ga ɗankwalinta ya jiƙe ta baya, na ce Inna, a kan jiƙaƙƙen kai? Ta ce zai bushe. Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba nata kan ba ne, nawa ne. Ta daina ganinsa. Da gangan na bar shi ba mai ba taza, ya yi cirko-cirko, na zo na zauna a gabanta na zame ɗankwali ina fifita kamar zafi ya dame ni. Ta dube ni ta tambayi lafiyar yara. Na koma gida a napep ina share hawaye da gefen mayafi, don na gane ba uba kaɗai na rasa ba, uwar ma tana neman bin sa tana zaune.

Ranar fitar takaba aka tashi da hidima tun safe. An ɗora tukunya, an kwaɓa lalle, ga sabuwar atamfa a kan gado, an kira mai kitso. Maƙwabta suka shigo suka yi barka suka fita, ya rage daga ni sai Gwaggo sai mai kitson a ɗaki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Inna ta sa hannu ta kwance ɗankwali.

Tsagar kitson duk ta ɓace. Sabon gashin da ya fito ya haɗu da tsohon, wanda ya kaɗe bai sami hanyar faɗuwa ba ya naɗe a ciki, gaba ɗaya ya cukurkuɗe ya zama dunƙule guda mai tauri kamar soson wanka, ga warin danshi. Mai kitso ta gwada cusa jelar mataji ta nan, ta gwada ta can, ta ajiye. Ta ce ita ba za ta ɓoye mana ba, wannan sai almakashi. Gwaggo ta ce to a yanke, gashi ne, wani zai fito. Ni na san a shekarun Inna wanda zai fito ba zai taɓa kai wannan ba, kuma kowa a ɗakin ya sani.

Inna ta ce, "A yanke. Wa zai gani?"

Almakashi ɗaya ne a gidan, na Baba, babba mai baƙar mariƙa, aka ɗauko shi daga aljihun keken ɗinki. Ganinsa a hannun mai kitso ne ya tayar mini da hankali. Na fizge shi na tura ƙarƙashin cinyata na zauna a kai, na ce duk mai son yanke gashin nan sai dai ta fara ɗaga ni. Gwaggo ta ce ai ɗaga ni aikin maza huɗu ne. Mai kitso ta tattara kayanta ta ce Allah ya ba da sa'a, idan mun gaji ta san hanyar gidan.

Na jiƙa karkashi, na bari ya yi yauƙi sosai, na zuba a kan Inna har yana bin wuyanta. Na lafta mai. Daga nan na ɗauki babban mataji, kuma duk karatun da aka yi mini tun ina yarinya ya gudu ya bar ni, don raina a ɓace yake, ina so in nuna wa mutane a yau ɗin nan cewa za a iya. Na kafa shi a tushe na ja. Ina jin gashin yana tsinkewa, ƙas, ƙas. Inna ko motsi ba ta yi ba, matar da a da ko sili ɗaya mai kitso ta ja mata sai an ji a zaure.

Gwaggo tana gefe tana tauna goro tana kallona. Can ta tofar a gwangwani ta ce, "Tashi. Ba haka yake yi ba."

Ta kwance haɓar zanenta, ta zaro ƙayar beguwa mai ratsin fari da baƙi. Na saki baki.

"Rufe bakin kada ƙuda ya shiga," in ji ta. "Kun ɗauka ban sani ba? A kaina ya koya."

Ashe ƙayar ta mahaifiyarsu ce. Ita da Baba su biyu ne kawai a ɗakinsu, babu wata mace, tsohuwar kuma hannunta ya daɗe da ciwo, don haka tun Baba yana ɗan ƙarami shi yake tsefe musu kai, ita da tsohuwar, a bayan ƙyaure. Idan ya ja, Gwaggo ta make masa hannu, idan ya yi da kyau ta ba shi ƙuli-ƙuli. Ta ce ranar da ta fara jin warin man shanu a hannun rigarsa bayan an kawo Inna, ta san an sami sabon kai. Ita ta cire ƙayar daga aljihunsa ranar rasuwa, kada ta faɗa hannun wanda zai sa ta sakace. Tana faɗa ina lissafi a raina, sai na ga duk yawan faɗo mana da take yi ba sanarwa, ban taɓa ganin ƙafarta a gidanmu ranar Alhamis da la'asar ba.

Ta matso ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta dafa kan Inna. Muryarta ta sauka. Ta ce ita dai abin da ta ji a wurin manya ta faɗa, kuma da ta san haka zai zama da ba ta faɗa ba. Amma akwai abin da yake ci mata rai. Shekara da shekaru ba ta taɓa cewa fari Inna ta ce fari ba, me ya sa sai a wannan ta bi ta?

Inna ta ce, "Shi ne zai tsefe, Yaya. Saura kwana ɗaya."

Gwaggo ta ja hanci, wannan karon ba don man shanu ba. Ta ce to shi ke nan, ai ya bar magajiya, ga ta nan, wadda ta zauna a kan almakashi.

Idon Gwaggo ya yi rauni, don haka nuna mini kawai ta yi ta miƙo mini ƙayar. A kama ƙarshen gashin, can inda ya fi siranta. A riƙe sama da wurin da yatsu biyu don kada fatar kai ta ji. A tsoma ƙayar a yauƙin karkashi, a zaro sili ɗaya, ba biyu ba, a kwantar da shi gefe, a koma. Idan aka ci karo da ƙulli ba a faɗa da shi, a ɗiga masa mai a bar shi ya sha, a tafi wani wurin a dawo. Ta tuna mini maganar da Baba yake yi wa yaran shago, cewa ba a farke ɗinki da fushi, wanda ya yi haka yadin yake yagawa. Na ce na ji. Ta ce ji daban, yi daban, ta san halina tun ina cikin zane.

Ranar har la'asar abin da na kwance bai kai faɗin tafin hannu ba. Lallen da aka kwaɓa ya bushe a kwano, atamfar ta koma akwati. Washegari na kai yara makaranta na wuce Ƙofar Ran, haka jibi, haka gata. Bayana ya riƙe, wuyana ya ƙage, na gane ciwon bayan Baba na ranar Alhamis ba duka ne ƙarya ba. Gashin da yake fitowa a hannuna ya tsorata ni, amma Gwaggo ta ce yawancinsa wanda ya riga ya kaɗe ne tun tuni, hanya kawai ya rasa. Ita ce ma ta je kasuwar Wunti wurin masu nono ta sayo sabon man shanu da namu ya ƙare, ta shigo da shi ta miƙe hannu nesa da jikinta, fuska a yamutse, tana cewa Allah ya isa tsakaninta da ruga. Akwai ƙulli ɗaya a bayan kunnen hagu da ya ƙi ji ya ƙi gani. Shi kam sai da na ɗauko almakashin Baba na cire shi, bai fi girman gyaɗa ba.

Inna dai tana zaune, a juya ta nan ta juya, a ce sunkuya ta sunkuya. Sai wata rana da hantsi, na gaji, na ɗan yi gaggawa a wani wuri, na ji ta ce, "Kin ja." Na tsaya. Ta ce hannuna ya yi nauyi, kuma man da nake zubawa ya yi yawa, ba miya ake yi ba. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Na dubi Gwaggo, ta kau da kai tana neman goronta da yake hannunta.

Ƙeya ce ta ƙarshe, don nan ne ya fi cuɗewa saboda kwanciya. Na bi ta a hankali, sili-sili, har ta buɗe. Da na ɗaga gashin sama na duba ƙarƙashi, sai na ga fari fat. Ba furfurar takaba ba ce, wadda za ta tsaya a kusa da tushe. Wannan fara ce tun daga tushe har ƙarshe, doguwa, ta shekaru masu yawa, baƙin gashin sama ne yake rufe ta. Na zauna riƙe da ita a hannu ina tuna mutumin nan da tabarau a karan hanci, yana duba wannan farin duk bayan mako biyu, yana yin shiru kamar mai ƙirgawa.

Inna ta ji hannuna ya tsaya. Ba ta juyo ba.

"Akwai furfura a ƙeyar?"

Gwaggo ta zaro mini ido. Ni da aka sani da faɗin gaskiya ko ba a tambaye ni ba, na ɗan yi shiru kamar mai dubawa.

"Babu ko ɗaya, Inna."

Sai na ga kafaɗun Inna suna rawa, na ɗauka kuka ne kawai, ashe da dariya a ciki, sun haɗu sun cakuɗe.

"Haka shi ma yake cewa," in ji ta. "Ku a tunaninku wa yake share tabarmar idan an gama?" Ta goge ido da bayan hannu. "Ashe ba gashin kaɗai kika ɗauko ba."

Gwaggo ta ce ƙarya dai a jininsu take, ita kaɗai Allah ya tsare. Muka wanke kan da sabulun salo da sauran karkashin, Inna ta fita gindin darbejiya ta zauna da gashi a baje. Ya ragu, bai kai inda yake kaiwa a da ba, amma yana nan, ya wuce kafaɗa. Na ɗauko mata ɗankwali don na ji ana sallama a zaure, ta dube ni ta dubi ɗankwalin, ta tambaye ni ko a gidan wa aka raine ni.

Daga nan idonta ya sauka a kaina. Ta daɗe tana kallo, ta girgiza kai yadda ta saba, ta ce wannan kan rabonsa da mai tun yaushe, ko mijina ba ya gani ne. Ta sa na miƙo mata ƙwaryar man shanu da kofin ruwa, ta nuna mini ƙasa a gabanta. Na ce Inna, yara sun kusa tashi daga makaranta. Ta ce su jira.

Na zauna. Ta yayyafa ruwa, ta murza mai a tafin hannu, ta kama gashin Kaɗon nan ta fara daga ƙarshensa.